Kafin ka sayi sufanun tsohon babur

Jama'a, in an kawo muku kayan aikin gyaran tsohon babur ƙirar BSA ko Triumph aka ce na asali ne, ku fara duba lambar da ke jikin sufana. Baburan Ingila na shekarun 1950 awon Whitworth suke bi, wato tsohon awon Ingila na inci, ba milimita ba. Lambar kuwa kaurin ƙusar take nufi, shi ya sa bakin sufana mai lambar inci 1/4 ya fi yadda ake zato faɗi. Tsatsa ba shaidar tsufa ba ce, ruwan gishiri ma yana kawo ta.

Notin sifirin kulocin Triumph kuma sai sukundireba mai tsaga a tsakiyar baki, don ƙusar tana leƙowa. A nan kam, ni sabuwa nake sa wa aiki, tsohuwar in adana ta.