Yadda za ka bi sawun asalin kalmar "Viking"

Fara da yanka kalmar a gaɓar da ta dace, domin nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Ana ganin "king" (sarki a Ingilishi) a ƙarshenta sai a ɗauka sarauta ce. Ba haka ba ne. Gaɓar farko ita ce vík-, sannan ɗafa-ƙeya -ing. Sarki a tsohon harshen Nos, harshen mutanen Sikandinabiya (arewacin Turai) na da, konungr ne, kuma babu abin da ya haɗa su.

Daga nan ka raba kalmomi biyu da harshen Nos ke da su: víkingr, jinsin namiji, shi ne mutumin da ke kai hari ta teku, víking, jinsin mace, ita ce tafiyar harin kanta. Wato sana'a ce, ba sunan ƙabila ba. Manomin Norwe da bai taɓa fita hari ba, ba a kiransa haka.

Sai ka jera shaidu bisa shekarunsu. A tsohon Ingilishi akwai wīcing cikin jerin kalmomin Épinal-Erfurt, wani ƙamus na Latin da tsohon Ingilishi na wajen shekarar 700, kusan ƙarni guda kafin harin da 'yan Viking suka kai tsibirin Lindisfarne na Ingila a 793. Saboda haka duk bayanin da ya ce maharan ne suka kawo kalmar Ingila yana da rauni. A tsohon harshen Firisiya, yankin gaɓar tekun Holan da Jamus, kuma wītsing ce. Komawar k zuwa ts ganɗantawa ce, tsohon sauyin sauti da ke nuna kalmar ta daɗe a bakin mutanen Firisiya.

Yanzu gwada ra'ayoyin masana da waɗannan shaidu. Wasu sun ce daga vík ne, lungun teku. Wasu sun ce yankin Viken na kusa da Oslo a Norwe, amma mutanen can víkverjar ake ce musu. Akwai masu danganta ta da wīc, sansani ko matattarar fatauci, daga vicus na Latin. Masanin harshe ɗan Norwe, Eldar Heide, a 2005 ya kare ra'ayin vika, nisan da matuƙa ke ci kafin a canji hannu a kan filafili. Wannan ya fi dacewa da tsufan kalmar, ko da yake har yau ba a rufe muhawarar ba.

Kada ka ɗauka kalmar Ingilishin yau jikanyar wīcing ce kai tsaye. Waccan ta mutu tun kafin zamanin Ingilishin yau. Marubuta tarihi ne suka aro ta sabuwa daga rubuce-rubucen Nos a farkon ƙarni na 19, daga baya ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗe duk mutanen Sikandinabiya na wancan zamani.