Kurakuran da ke sa bafa ta tumbatsa a ƙananan manhajojin sadarwa

Bafa ɗan wuri ne da manhaja ke keɓewa a ƙwaƙwalwar kwamfuta don ajiyar wucin gadi. Kamar kwano take: in an zuba abin da ya fi ƙarfinta, sai ya malala kan abin da ke gefe. A manhajar da aka rubuta da harshen C, abin da ke gefen kan iya zama adireshin da za ta koma in ta gama aiki, kuma duk wanda ya canza shi ya karɓe linzami.

Tsohon kuskure shi ne dogaro da gets() da strcpy() da sprintf(), umarnan C masu zuba rubutu a bafa, waɗanda ba ruwansu da girman kwano. Ta nan tsutsar Morris, muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta kutsa fingerd, manhajar da ke ba da bayanin masu amfani da kwamfuta, a Nuwamban 1988: an tanadi bafa mai bayit (ma'aunin bayanai) 512, ta aika 536. An cire gets() daga ƙa'idar C a 2011. Koma ga fgets() da snprintf(). Amma a yi hattara da strncpy(), don in rubutu ya cika wurin ba ta rufe shi da sifirin da ke nuna ƙarshen rubutu.

Wanda ya fi damuna shi ne yarda da abin da ya zo daga waje. Mai rubuta manhaja yakan tsare bakin ƙofa daga mai amfani da manhajar, ya manta cewa na'urar da ke amsawa ma tana iya ƙarya. Dubi ping, manhajar gwada ko wata na'ura na amsawa, na tsarin aikin FreeBSD a 2022. Yana kwafe kan fakitin amsa (bayanan da ke farkon ƙunshin saƙon) zuwa bafa, bai lissafa da cewa kan IP, ƙa'idar aika fakiti a intanet, na iya ɗauko ƙarin zaɓuɓɓuka ba, wato daga bayit 20 ya kai 60. Malalar bayit 40 kacal, a manhajar da kowa ke ɗauka ba ta da haɗari! Haka curl, manhajar aika da karɓar bayanai ta intanet, a 2023: sunan uwar garke da ya wuce bayit 255, aka bi da shi ta SOCKS5, hanyar bi ta na'ura mai shiga tsakani, sai bafa ta tumbatsa. An gyara a siga ta 8.4.0.

Gyaran ba wuya. Duk tsawon da fakiti ya faɗa game da kansa, gwada shi da abin da ka karɓa a zahiri, ka kuma gwada shi da girman bafarka, kafin memcpy(), mai kwafe bayanai zuwa bafa, ta taɓa komai. Tsawon da ya zo ƙasa da sifiri, yi watsi da shi.

Wasu kuma suna barin manhaja da ikon root, wato cikakken iko a kan kwamfuta, har ta gama. Da zarar ka buɗe soket, wato ƙofar sadarwa, saki ikon. Lokacin gwaji kunna -fsanitize=address, zaɓin da ke kama malalar bafa, ka yi ta jefa wa manhajar gurɓatattun fakitoci har ka ga inda za ta faɗi.