Yadda za ka gane amentum, a littafi da kuma a jikin bishiya

In kana karatun ilimin tsirrai wataran sai ka ci karo da kalmar nan amentum, kuma yawancin ɗalibai haddace ta kawai suke su wuce, ni kuma abin yana damuna don kalmar hoto ce, in ka ga hoton ka gama.

Fara da asalinta. A Latin amentum igiyar fata ce da ake ɗaura wa mashi don a ji daɗin wurga shi. Masana suka ari sunan suka ba wani irin fure siriri dogo da ke reto a jikin reshe kamar an rataye tsinken igiya. Shi ya sa in ka buɗe littafin Sifaniyanci ko na Italiyanci za ka ga amento, na Romaniya ament, duk uwa ɗaya uba ɗaya, da ka ga ament- a farkon kalma to ka san inda aka dosa.

Sai dai mutanen gari ba igiya suka gani ba, mage suka gani. Bafaranshe ya ce chaton, Bajamushe ya ce Kätzchen, duk ɗan kyanwa ke nan, Ingilishi ma catkin ɗin da suke cewa daga tsohon harshen Holan ya shigo a 1578 ta hannun Henry Lyte lokacin da ya fassara littafin tsirrai na Dodoens. Taɓa furen bishiyar willow ka ji laushin gashinsa, wallahi ba ka ƙara tambayar dalili ba.

To yanzu bishiya. Abin galibi na ƙasashen sanyi ne, hazel, birch, alder, oak, walnut da su poplar, kuma ka fita da wuri, ƙarshen hunturu zuwa farkon bazararsu, don da yawansu kafin ganye ya fito suke fure, hazel ma tun Janairu ko Fabrairu a Ingila. Ka riƙe gilashin ƙara girma, mai ninki 10 ya isa. Duba da kyau za ka ga ba fure ɗaya ba ne, ƙananan furanni ne jingim a jere jikin zare guda, kowanne ƙarƙashin ɗan ɓawo, babu ganyen nan mai launi da ke jan ƙudan zuma, kuma galibi jinsi ɗaya ne, ko duk maza ko duk mata. Ɗan ɗalle shi da yatsa, in ƙura rawaya ta tashi namiji ne, iska ce ke kai masa ƙurar wurin mace (willow dai ƙwari ma na taya ta).

A hazel nemi macen a reshe ɗaya, 'yar mitsitsiya ce kamar toho da jajayen zarurruka a baki, ita ce ke zama ƙwallon da ake ci, kuma wurin nemanta ake shan wahala, ka yi haƙuri ka bi reshen a hankali.

Don Allah kar ka ga furen gawo ko kirya da tsawonsa ka rubuta amentum a jarrabawa. Kama ce kawai, sa gilashin za ka ga kowane ɗan fure nasu yana da namiji da mace a haɗe.