Yadda ake haɗa waya da laftof ta zama modem

Duk wanda ya zo mini da kukan cewa abin ya ƙi yi, kebul ɗinsa nake fara dubawa. Galibi nan ne gizo yake saƙar. Kebul ɗin USB na ainihi aƙalla zare huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na ɗaukar bayanai. Da yawa daga masu arahar nan da ake rataye su a shagunan caji, zaren wuta kaɗai aka sa musu. Za ka jona, wayar ta nuna tana caji, ka ɗauka komai lafiya lau, alhali kwamfutar ba ta ma san da zuwanta ba. Ka shiga saitin wayar, ka tarar rubutun USB tethering, wato raba datar waya ta kebul, ya dishe, ka danna har yatsa ya gaji, shiru. Na taɓa ɓata rabin yini a kan wannan, ina ta kashe waya ina kunnawa. Ka nemi kebul ɗin da ya zo a kwalin wayar, shi ke nan.

Da zarar kebul ya yi kyau, kunna data, jona, sannan a Android ka shiga Settings, ka nemi Hotspot & tethering, ka kunna USB tethering. A Samsung yana ƙarƙashin Connections. Windows za ta ɗauke shi tamkar Ethernet, wato intanet na kebul, ba ruwanka da kalmar sirri. Mai iPhone kuwa sai ya fara sa manhajar iTunes ko Apple Devices a kwamfutar, sannan ya kunna Personal Hotspot.

Kafin ka buɗe burauza, tsaya. A Settings na kwamfutar, shiga Network & internet, ka kunna Metered connection, wato ka sanar da ita cewa datar a ƙidaye take. In ba haka ba kwamfutar za ta ɗauka intanet ɗin kyauta ne, ta hau sabunta kanta, datar wata guda ta tafi kafin la'asar.

Ni dai kebul na fi so a kan hotspot na Wi-Fi, don wayar tana shan caji tana aiki, kuma maƙwabci ba zai laɓe a kai ba. In dole sai Wi-Fi, sa kalmar sirri mai tsawo, ka bar zangon siginarsa a 2.4 GHz saboda wasu tsofaffin laftof ba sa ganin 5 GHz. Bluetooth kam kada ma ka wahalar da kanka. Ka kuma ajiye wayar kusa da taga, ba kan katifa ba, don tana ɗaukar zafi.