Yadda Ake Zaɓen Manhaja Mai Sauƙi Don Ɗaukar Bidiyo Da Kyamarar Kwamfutar Tebur

Mutum zai sayi kyamara, ya ɗora ta a kan allon kwamfuta, ya jona wayarta, sai ya tsaya yana tunanin da me zai ɗauki bidiyon. Daga nan ya shiga intanet ya sauke manhajar da ta fara fito masa, bayan ya gama ɗaukar darasi na minti talatin ya tarar da tambarin kamfani ɓaro-ɓaro a tsakiyar fuskarsa, ana cewa sai ya biya kafin a cire. Abin na ba ni takaici, domin mafi yawan lokuta abin da yake nema yana cikin kwamfutarsa tun ranar da ya saye ta.

Mataki na farko: faɗa wa kanka abin da kake son ɗauka. Fuskarka da muryarka kawai, kamar saƙo ko karatu ko gwajin jawabi? Ko kana so a ga fuskarka a gefe yayin da kake nuna wani abu a allo? Amsar nan ce za ta raba maka gardama. Mai buƙata ta farko ba ya bukatar sauke komai. Mai ta biyu ne zai nemi babbar manhaja.

Mataki na biyu: tabbatar kwamfutar tana ganin kyamarar. Kwamfutar tebur ba kamar laftof ba ce, yawanci ba ta zuwa da kyamara ko makirufo a jikinta. Kyamarorin USB na zamani galibi suna aiki da zarar an jona, ba sai an sa wata manhaja ta musamman ba. Idan allo ya yi baƙi, kada ka yi saurin ɗora wa manhaja laifi. Duba ko marfin kyamarar a rufe yake, sannan ka rufe Zoom ko Teams idan suna buɗe, don sau da yawa idan manhaja ɗaya ta riƙe kyamara ba ta sakar wa wata. A Windows kuma ka shiga Settings, sashen sirri, ka ba manhajoji izinin amfani da kyamara da makirufo.

Mataki na uku: gwada wadda ta zo da kwamfutar. A Windows 10 da 11 akwai manhaja mai suna Camera. Ka rubuta sunanta a wurin bincike, ka buɗe, ka koma ɓangaren bidiyo, ka danna babban maɓallin. Tana ajiye fayil ɗin a tsarin MP4 cikin Pictures, a jakar Camera Roll. Mai Mac ya buɗe QuickTime Player, ya shiga File, ya zaɓi New Movie Recording. Ƙaramar kibiyar da ke kusa da jan maɓalli ita ke ba shi damar zaɓen kyamara da makirufo. A Linux akwai Cheese, akwai kuma Guvcview ga mai son ya riƙa gyara haske da launi da hannunsa. Duk kyauta ne, babu tambari, babu rajista.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi so ka ba muhimmanci: yi gwajin minti ɗaya kafin ka amince da kowace manhaja. Zauna yadda za ka zauna a ainihin ɗaukar, ka yi magana da muryar da ka saba, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, sannan ka tsayar. Ka saurara da abin sawa a kunne. Tafin nan yana da amfani: idan ƙarar ta zo kafin hannuwa su haɗu, ko bayan sun rabu, to murya da hoto ba sa tafiya tare, kuma a dogon bidiyo abin kan ƙara muni. Ka lura kuma da makirufon da manhajar ta ɗauka. Sau tari takan kama na jikin kyamara alhali ka jona wani mai kyau a gabanka. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma murya mai shaƙewa ko amsa-kuwwa za ta kore shi cikin daƙiƙu. Manhajar da ba ta barin ka zaɓi makirufo, kuma ba ta bin wanda ka saita a kwamfutar, ka ajiye ta.

A cikin gwajin ne za ka duba girman hoto. 720p na nufin ɗigo 1280 a faɗi da 720 a tsayi, 1080p kuma 1920 da 1080. Ga mai zama yana magana, hoto 30 a daƙiƙa ya wadatar. Kada ka zaɓi abin da ya fi ƙarfin kyamararka, ba zai ƙara kyau ba sai nauyi. Lissafin ma mai sauƙi ne: bidiyon da ke cin megabit 8 (wato megabayit 1) a daƙiƙa yana cinye kusan megabayit 60 a minti, wato gigabayit 3.6 a awa guda. Tsohuwar kwamfuta ta tsaya a 720p, bidiyon zai fi tafiya sumul.

Mataki na biyar: sai idan wadda ta zo da kwamfutar ta gaza ka koma babbar manhaja mai suna OBS Studio. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tana haɗa fuska da allo a bidiyo ɗaya. Ganin farko tana da ban tsoro saboda yawan akwatuna, amma don ɗaukar fuskarka abu uku kawai kake bukata. A ƙarƙashin Sources ka danna alamar ƙari ka zaɓi Video Capture Device, ka duba ko koren layin murya yana motsi idan ka yi magana, sannan ka danna Start Recording. Shawarata ita ce ka saita ta tana ajiyewa a tsarin MKV. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Idan wuta ta ɗauke ko manhajar ta tsaya ana cikin ɗauka, fayil ɗin MP4 na gama-gari yakan lalace gaba ɗaya, MKV kuwa yakan riƙe abin da aka riga aka ɗauka. Daga baya ka shiga File, ka zaɓi Remux Recordings, ta mayar maka da shi MP4 ba tare da hoton ya rage kyau ba.

VLC, manhajar kallon bidiyo, ma tana iya ɗauka ta Open Capture Device, sai dai saitinta na da wahalar sha'ani, ban cika tura sabon shiga can ba. Shafukan intanet masu ɗaukar bidiyo kai tsaye kuwa, ka karanta sharuɗɗansu tukuna, domin wasu suna tura bidiyon zuwa ma'ajiyarsu, kuma fuskarka ce da cikin ɗakinka.

Duk wadda za ka sauke, ka ɗauko ta daga shafin masu ita ko daga kantin manhajoji na Microsoft ko Apple. Bayan ka gama ɗauka, buɗe fayil ɗin ka kalli farko da tsakiya da ƙarshe, ka sa masa suna da kwanan wata, sannan ka tura shi wayarka ka ga ko yana buɗewa a can.