Kafin ka sauya injin motar da ke shiga ruwa da tudu

'Yan'uwa, mai neman sabon inji wa Argo, ƙaramar motar nan mai shiga ruwa da tudu, ko irinta, kada ƙarfin doki ya ruɗe shi. Fara auna sandar injin da kulocin bel ke hawa: kaurinta inci 1 ne ko inci 1 da 1/8, kuma a kwance take? In kaurin sandar bai dace da kulocinka ba, sai ka ƙara sayen kuloci. Duba nauyi ma, don inji mai nauyi yana dulmiya gefe ɗaya a ruwa.

Wajen haɗa waya ake yawan ɓarna. Yawancin ƙananan injinan Briggs & Stratton da Kohler na kabureta da kansu suke samar da wutar fulogi, kuma ana kashe su ne ta haɗa wayar kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, da jikin inji. In ka tura wa wayar nan volt 12 daga makulli, kwayil zai ƙone nan take. Saboda haka gwada makullin da mitar auna wuta tukuna. Tsohon makullin ba lallai ya dace da sabon injin ba.

Jikin motar roba ne, ba ya ɗaukar wuta. Ja waya mai kauri daga negatif ɗin batir kai tsaye zuwa inji, ka sa fiyus a wayar fozitif kusa da batir, mahaɗan wayoyi kuma ka ɗaga su sama da inda ruwa ke taruwa.