Darasi Na Tara: Lami Da Rabe A Kusuri

Dattawan da suka yi fatauci zuwa Chadi sukan kira Njamena da tsohon sunanta, Fort Lami. Yau za mu karanta labarin mai wannan suna, sannan mu koyi lissafin shekaru.

Lami hafsan sojan Faransa ne. An haife shi a 1858, ya daɗe yana aikin soja a Aljeriya. A 1898 ya taso daga can da dakaru da raƙuma masu yawa, da niyyar keta Sahara har Tafkin Chadi. Hanya ta gasa musu aya a hannu. Raƙuma suka yi ta mutuwa a ƙasar Azbin, har suka ƙona wasu kayansu don babu abin ɗauka. A Agadas sai Lami ya sa sojoji suka tsare rijiyoyin gari, ba mai ɗiban ruwa sai an ba shi raƙuma. Faransawa na kiransa jarumi, amma hana mutanen hamada ruwa zalunci ne, kuma ya kamata mu faɗa. Sun isa Damagaram a ƙarshen 1899.

A lokacin Rabe ne ke riƙe da Barno. Ya ci ƙasar da yaƙi a 1893, ya zauna a Dikwa, talakawa kuwa sun sha wuya a hannunsa. Rundunonin Faransa uku suka haɗu a kansa, Lami ne shugabansu. Ran 22 ga Afrilu, 1900, aka gwabza a Kusuri, bakin kogin Shari. Aka kashe Rabe, aka sare kansa. Lami ma harsashi ya same shi, bai kwana ba. Faransawa suka kafa sansani a ƙetaren kogin, suka sa masa sunansa. Sai a 1973 gwamnatin Chadi ta mayar da sunan Njamena.

Aiki: ka ɗebe 1858 daga 1900, abin da ya rage shi ne shekarun Lami a duniya. Haka za ka ɗebe 1900 daga 1973, ka ga shekara nawa garin ya yi da sunan Bature. Sannan ka rubuta shekarar haihuwarka, ka ɗebe ta daga ta bana, ka nuna wa malami.